Wanda ya tarwatsa jirginka a wasan sararin samaniya, maguɗi ya yi?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibi mazaunin Mabera a nan Sakkwato, wanda ya fara wasan EVE Online, wasan intanet na jiragen sararin samaniya da dubban mutane suke yi tare, wata huɗu da suka wuce. Ya ce ya shafe kusan mako uku yana haƙar ma'adinai a cikin wasan, yana tara abin da ya samu, sai ya loda komai a jirgin dako guda ya nufi Jita, babbar kasuwar cikin wasan, domin ya sayar. A bakin wata ƙofa, irin wadda jirage suke bi daga wannan tauraruwa zuwa waccan, wasu mutum shida ko bakwai suka far masa, suka tarwatsa jirgin cikin 'yan daƙiƙu, wani abokinsu kuma ya kwashe abin da ya saura, alhali wurin yana cikin yankin da wasan da kansa ya ce mai tsaro ne. Ya rubuta cewa, "Mi niy yi musu?" Yana son ya san ko wannan maguɗi ne da ya kamata ya kai ƙara a kansa. Ya ƙara da cewa wani abokinsa ya ba shi shawarar ya sa manhajar da za ta riƙa haƙar ma'adinai a madadinsa yana barci, ko ya sayi kuɗin wasan a hannun masu sayarwa a ɓoye, idan kuma aka sake kawo masa hari ya kashe datarsa kawai.

Ƙanena, na san zafin abin da ya same ka, domin mako ukun nan ba a cikin wasa kaɗai ka kashe su ba. Akwai kuɗin data, akwai jiran a kawo wuta, akwai daren da ka hana idonka barci bayan ka gama karatu. Duk wanda ya ce maka ai wasa ne kawai, bai san abin da ka zuba ba. Amma na daɗe ina aikin haɗa sadarwar kwamfuta, na kuma daɗe ina waɗannan wasanni, saboda haka zan gaya maka gaskiya ko da ba ita kake son ji ba: mutanen nan ba su yi maguɗi ba, kuma ƙara ba za ta dawo maka da komai ba. Abin da abokinka ya ba ka shawara a kai shi ne maguɗin.

Ka tuna da gidan dambe. Idan ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, cewa muke yi ya yi kisa, kuma babu wanda yake zuwa ya ce an zalunci wanda ya faɗi, domin da ya shiga fili ya ɗaure hannu ya san cewa faɗuwa tana cikin abin da ya amince da shi. Amma da za a kwance hannun wanda ya yi kisan a tarar ya ɓoye ƙarfe a cikin ɗaurin, nan take magana za ta sauya, ko da kuwa bugun da ya yi bai fi na jiya zafi ba. Ashe ba zafin bugu ake dubawa ba, kuma ba girman asarar wanda ya faɗi ba. Abin da ake tambaya shi ne ko an yi amfani da abin da fili ya yarda kowa ya yi amfani da shi. Haka ake auna al'amarin a wasannin intanet da dubban mutane suke yi tare.

Kamfanin CCP na ƙasar Aisland ne ya fitar da EVE Online a shekarar 2003, kuma tun farko ya gina wasan a kan cewa babu inda jirgi yake da cikakken aminci muddin ya fita daga tasha. Duniyar wasan ta kasu zuwa taurari, kuma kowace tauraruwa tana da makin tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 shi ne yankin da ake cewa mai tsaro, daga 0.4 zuwa 0.1 tsaron ya yi rauni, daga 0.0 zuwa ƙasa kuwa babu hukuma sai ta ƙungiyoyin 'yan wasa. A yankin farko akwai 'yan sandan wasan da ake kira CONCORD, kuma a nan ne sababbin shiga suke yin kuskuren fahimta, domin aikin CONCORD hukunta mai laifi ne, hana laifin ba ya cikin aikinsu. Duk wanda ya harbi jirgin da bai tsokane shi ba, tabbas za su zo su tarwatsa nasa, ba ya kuma samun kuɗin inshora a kan jirgin da suka tarwatsa, kuma guje wa wannan hukunci ta wata dabara laifi ne da kamfanin yake korar mutum a kai. Sai dai zuwan nasu yana ɗaukar daƙiƙu, kuma a tauraruwa mai maki 0.5 jinkirin ya fi tsawo fiye da a mai maki 1.0. A cikin wannan ɗan lokacin ne aka gama da kai. Waɗanda suka kashe ka su ma sun rasa jiragensu a wannan minti, sun san za su rasa, sun kuma amince.

Dalilinsu lissafi ne irin na 'yan kasuwa. Suna amfani da ƙananan jirage masu arha da ƙarfin wuta, galibi wanda ake kira Catalyst. Ɗaya daga cikinsu yana tsaye a wata ƙofa da na'urar leƙa kaya, wadda kowa yake iya saya a kasuwar wasan, yana duba abin da kowane jirgin dako ya ɗauko. Idan jirgi ya tarwatse, kowane kaya da ke ciki yana da damar tsira ta kusan rabi, saboda haka suna kwatanta rabin darajar kayanka da kuɗin jiragen da za su yi asara. Idan da riba, sai su far maka. Wurare irin su Uedama, mai maki 0.5 a kan hanyar Jita zuwa Amarr, sun yi suna a wannan aiki shekara da shekaru. Tambayarka ta mi niy yi musu, amsarta ita ce ba ka yi musu komai ba, ba su ma san ka ba. Ka zuba dukiyar mako uku a jirgi mai ƙaramin sulke ne, ka bi da shi ta hanyar da kowa ya san ana tare ta, kamar wanda ya ɗauko kuɗin cinikin shanu a aljihun gaba ya ratsa tsakiyar kasuwar Acida ranar Laraba.

Za ka iya cewa to me ya sa kamfani zai bar irin wannan ta riƙa faruwa. Dalilin yana cikin ma'adinan da kai da kanka kake haƙa. Kusan duk jirgin da ke yawo a wasan 'yan wasa ne suka ƙera shi da ma'adinan da wasu 'yan wasan suka haƙo, kuma idan jirgi ya tarwatse ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Da ba a tarwatsa jirage, da babu mai sayen sabo, da kuma ma'adinanka ba su da farashi a Jita. A ranar 27 ga Janairun 2014 aka fara yaƙin B-R5RB, wanda ya samo asali daga kuɗin mallakar yanki da wata ƙungiya ba ta biya a kan lokaci ba. An shafe kimanin sa'a 21 ana gwabzawa, mutum fiye da 7,500 suka shiga, aka tarwatsa manyan jiragen da ake kira Titan guda 75, kuma an ƙiyasta asarar da kimanin dala 300,000 idan aka juya ta zuwa kuɗin duniya. Babu wanda aka mayar wa da komai. Masu haƙar ma'adinai irinka ne suka ci moriyar sake gina abin da aka rasa.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne cewa wasan ya halatta har da yaudara da cin amana. A shekarar 2005 wata ƙungiya mai suna Guiding Hand Social Club ta tura mutanenta suka shiga wata ƙungiyar, suka zauna kusan wata 10 suna aiki da biyayya har aka ba su makullan ɗakunan ajiya, sannan a rana ɗaya suka kwashe dukiyar suka kashe shugabar. Kamfanin bai hukunta kowa ba. A shekarar 2009 kuma shugaban wani banki da 'yan wasa suka kafa, mai suna EBank, ya kwashe kimanin ISK biliyan 200 daga ajiyar mutane, ISK kuwa shi ne kuɗin wasan. Wannan karon an kore shi. Ina so ka lura da dalilin korar, domin a nan amsar tambayarka take: satar ba ta saɓa dokar wasan ba, kuma da ya tsaya a nan da babu abin da za a yi masa. An kore shi ne saboda ya sayar da abin da ya sata ya karɓi kuɗin duniya, kimanin dala 5,000. Duk abin da ya faru tsakanin jirgi da jirgi, ko tsakanin ɗan wasa da ɗan wasa, da kayan aikin da wasan ya bayar, wasa ne. Da zarar an shigo da wani abu daga waje, ko an fitar da wani abu zuwa waje ta hanyar da ba a yarda ba, an tsallake iyaka. Bahaushe ya ce yaƙi ɗan zamba ne, kuma wanda ya taɓa yin wasan Among Us a waya ya san cewa akwai wasan da ƙarya ita ce ginshiƙinsa, ba wanda yake kiran maƙaryacin a can maha'inci, tunda kowa ya zauna ne da sanin cewa akwai maƙaryaci a cikinsu.

Yanzu mu zo ga shawarar abokinka. Manhajar da take wasa a madadin mutum, wadda 'yan wasa suke kira bot, ita ce ƙarfen da aka ɓoye a cikin ɗaurin hannu. Ba ta gajiya, ba ta barci, ba ta zuwa lacca, kuma idan maƙiyi ya shigo tana gudu da saurin da ɗan Adam ba zai iya ba. Wanda ya sa ta yakan ce ai bai taɓa kowa ba, dutse kawai yake fasawa, amma wannan ba gaskiya ba ne. Ma'adinan da ta haƙo suna shiga kasuwa ɗaya da naka, suna karya farashi, sai ya zama mai haƙa da hannunsa ya yi aikin awa uku ya sami abin da a da yake samu a awa biyu. Waɗanda suka tare ka sun cuce ka sau ɗaya a fili, kana gani, kana kuma iya koyon kauce musu. Masu bot suna rage maka riba kullum ba tare da ka gan su ba, kuma babu wata dabara a cikin wasan da za ka kare kanka da ita. Wannan ne ya sa kamfanin yake ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya, yake kuma rufe asusun mai ita. Haka nan tun daga Janairun 2015 ya haramta amfani da manhajar da take aika danni ɗaya zuwa asusu da yawa a lokaci guda, ko da yake mallakar asusu da yawa ba laifi ba ne matuƙar kowanne da hannu ake sarrafa shi.

Sayen ISK a hannun masu sayarwa a ɓoye ya fi wannan muni. Kuɗin da suke sayarwa daga bot suke fitowa, ko daga asusun mutanen da aka sace musu kalmar sirri aka wawashe, saboda haka mai saye yana ɗaukar nauyin ɓarawo ne na gaske, wanda ya shiga asusun wani ba da izininsa ba. Idan aka gano, ana cire kuɗin daga aljihunka ko da ka riga ka kashe su, sai ka wayi gari da bashi a cikin wasan bayan nairarka ta tafi. Mu da muka tashi da jin hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Lokacin da ka buɗe asusu ka danna cewa ka yarda da sharuɗɗa, alkawari ka ɗauka, kuma sauran mutanen da kake wasa da su sun dogara da cewa kowa yana kan wannan alkawari. Kasancewar abin wasa ne bai mayar da saɓa alkawari wasa ba.

Akwai wata tambaya da na san za ta biyo baya, kuma tana da ƙarfi. Kamfanin da kansa yana sayar da wani abu mai suna PLEX tun shekarar 2008, wanda mutum zai saya da kuɗin duniya ya sayar a kasuwar wasan ya karɓi ISK. To mene ne bambancinsa da sayen ɓoye, kuma ina adalci idan ma'aikaci a Jamus zai sayi abin da kai za ka yi wata kana nema da albashin awa ɗaya? Ba zan ce maka babu rashin daidaito a nan ba, akwai, kuma mu da muke samun kuɗi da naira mun fi kowa jin sa. Abin da zan ce shi ne PLEX ba ya ƙirƙiro sabon ISK, wani ɗan wasa ne da ya yi aiki ya tara yake saye domin ya biya kuɗin watansa na yin wasan ba tare da ya taɓa aljihunsa ba, kuma ƙofar a buɗe take ga kowa da sharaɗi ɗaya sananne. Sannan kuɗi yana sayen jirgi ne kawai, ba ya sayen iya tuƙi, kuma waɗanda suka tare ka sun fi son mai kuɗin da bai iya ba a kan kowa. A ganina adalci a wasa bai taɓa nufin kowa ya zo da ƙarfi ɗaya ba, domin ko a fagen kokawa wani ya fi wani ƙirji. Abin da yake nufi shi ne doka ɗaya ce, an bayyana ta tun kafin a fara, kuma tana hawa kan kowa.

Maganar kashe data ita ce ta fi shafar mu a nan, don haka zan ɗan daɗe a kanta. A EVE ba ta ma da amfani. Duk lissafin wasan ana yin sa ne a babbar kwamfuta guda da ake kira Tranquility, taka kwamfutar tana aika umarni ne kawai tana nuna maka sakamako. Idan sadarwarka ta yanke kana cikin faɗa da wani ɗan wasa, jirginka yana ci gaba da zama a sarari har minti 15, idan kuma an riƙe shi da na'urar hana gudu, yana nan a wurin ba mai tuƙi har a gama da shi. Wannan tsarin yana da wani alheri gare mu, domin babbar kwamfutar tana sabunta lissafinta sau ɗaya ne a kowace daƙiƙa, saboda haka ɗan jinkirin da ke tsakanin Sakkwato da Turai ba ya cutar da mu kamar yadda yake yi a wasannin harbi da ake auna nasara da ƙiftawar ido.

A Elite Dangerous kuwa, wanda kamfanin Frontier na garin Kambirij a Ingila ya fitar a Disambar 2014, ginin daban ne. Idan 'yan wasa biyu suka haɗu, kwamfutocinsu suna magana da juna kai tsaye, don haka idan ɗaya ya zare waya ko ya kashe wasan da ƙarfi, jirginsa ɓacewa yake yi a gaban abokin faɗansa. Kamfanin ya bayyana cewa yin haka da gangan saɓa doka ne, ya kuma tanadi hanyar fita ta halal, wadda take sa mutum ya jira daƙiƙa 15 idan yana cikin haɗari. Dalilin da ya sa 'yan wasa suke ƙyamar wannan ɗabi'a shi ne mai yin ta yana karɓar nasara idan ta zo, yana kuma ƙin karɓar faɗuwa, ga shi abokin karawarsa ya sa nasa jirgin a cikin haɗari da gaske. Ɗan damben da yake tsayawa idan yana bugu, ya tsallake fili idan aka fara bugunsa, ba a sake kiran sa turmi.

Matsalarmu ita ce daga can nesa babu mai iya bambance wanda ya zare waya da wanda aka ɗauke wa wuta. Wata shekara a cikin zafin Afrilu ina tsakiyar faɗa da wani Bature a Elite Dangerous, na kusa faɗuwa, sai wuta ta tafi, kuma a lokacin ba ni da batirin da zai riƙe na'urar intanet. Da na dawo bayan awa biyu na tarar da saƙonsa yana kira na matsoraci maha'inci. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma da na natsu sai na ga cewa daga inda yake zaune ba shi da wata fassara. Na rubuta masa na bayyana yadda wuta take a garinmu, na gaya masa inda jirgina yake, na ce ya zo mu ƙarasa. Ya zo, ya kashe ni, na biya kuɗin fansar jirgin, wanda a wasan yake kashi 5 cikin 100 na darajarsa, kuma mun yi shekaru muna wasa tare bayan haka. Tun daga ranar ba na shiga faɗa sai kwamfutar cinya tana da caji kuma na'urar intanet tana kan batiri. Duk ɗan ƙasar nan da ya mayar da yanke sadarwa dabara yana ɓata uzurin sauranmu ne, har ya zama ranar da aka ɗauke maka wuta da gaske babu mai gaskata ka.

Doka ɗaya da na ambata ba ta tsayawa sai da alƙalin da ba shi da ɓangare, kuma tarihin EVE ya nuna cewa 'yan wasa suna jure kisa da sata amma ba sa jure son kan alƙali. A farkon shekarar 2007 aka bankaɗo cewa wani ma'aikacin CCP ya ba ƙungiyar da yake wasa a cikinta, Band of Brothers, wasu takardun ƙera kaya masu tsada waɗanda sauran mutane sai da sa'a suke samu. Darajar kayan ba ta kai ta manyan sace-sacen da aka yi a wasan ba, amma fushin da ya biyo baya ya fi na kowace sata, domin a wannan karon wanda aka ba amanar fili ne ya sa hannu. Kamfanin ya kafa sashen binciken ma'aikatansa, kuma a shekarar 2008 aka zaɓi majalisar wakilan 'yan wasa ta farko, wadda ake kai mambobinta birnin Rekyabik su zauna da masu wasan su faɗi koken jama'a.

Duk wannan bai sa na ce duk abin da doka ta halatta yana da kyau ba, kuma ba na son ka fahimce ni haka. Akwai bambanci tsakanin wanda ya tare jirgin dako saboda riba da wanda yake farautar sabon shiga mai kwana biyu a jirgin da bai kai komai ba, don kawai ya ji daɗin ɓacin ransa. Na biyun ba ni ganin mutuncinsa ko da doka ta ƙyale shi, kamar yadda gwanin dambe ba ya ƙara daraja idan ya buge yaron da ya fara ɗaure hannu jiya. Richard Bartle, wanda yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan farko na wannan nau'i a Jami'ar Essex a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta a 1996 cewa 'yan wasa sun kasu huɗu, akwai masu neman nasara, da masu yawon bincike, da masu zumunci, da masu kisa, ya kuma nuna cewa idan masu kisa suka yi yawa sauran suna watsewa, daga nan su ma masu kisan su rasa abin farauta su tafi. An ga alamar haka a wasan Ultima Online, inda a shekarar 2000 aka raba duniyar wasan biyu, ɗaya da kisa ɗaya babu, jama'a kuma suka yi tururuwa zuwa wadda babu. CCP ma ya san da wannan, shi ya sa ya haramta cutar da sababbi a taurarin da ake fara wasa a cikinsu.

Akwai kuma iyakar da ba ta da alaƙa da jirgi ko kaɗan, wato mutumin da yake zaune a bayan kwamfuta. Zagi na ƙabila ko addini, bin mutum ɗaya daga wuri zuwa wuri don a ƙuntata masa, barazana, da tona sunansa na gaskiya ko inda yake zaune, duk waɗannan ba wasa ba ne a kowane wasa. A taron shekara na 2012 a Rekyabik, shugaban wata babbar ƙungiya ya yi wa wani ɗan wasa da ya nuna yana cikin ƙuncin rai ba'a a bainar jama'a, ya faɗi sunansa na wasa ya zuga mutane a kansa. Ya nemi afuwa daga baya, amma an dakatar da shi kwana 30, ya kuma rasa kujerarsa a majalisar wakilai duk da cewa shi ne ya fi kowa ƙuri'a. Idan waɗanda suka kashe ka sun biyo ka da irin wannan, ka ɗauki hoton saƙonnin ka kai ƙara, kana da hujja. Idan kuwa sun kwashe kaya sun yi gaba, ƙara ba ta da gurbi.

Ya rage naka ka duba ko irin wannan filin ne kake so, kuma babu kunya idan ba shi ba ne. Elite Dangerous ya ba kowa zaɓi uku a duniya ɗaya: ka shiga tare da kowa, ko da ƙungiyar da ka zaɓa, ko kai kaɗai, kuma a can ne ake da 'yan sa kai da ake kira Fuel Rats, waɗanda tun 2015 suke kai wa wanda mai ya ƙare masa a tsakiyar sarari ɗauki kyauta. Idan kuma ka zaɓi ci gaba da EVE, to ka riƙe ƙa'idar da tsofaffin 'yan wasan suke maimaitawa, cewa kada ka fita da jirgin da ba za ka iya jure rasa shi ba. Ka raba kayanka kashi-kashi yadda rabin darajar kowane lodi ba zai biya kuɗin jiragen masu tare hanya ba. Ka sa wa jirgin dako sulke maimakon na'urorin faɗaɗa ciki, waɗanda suke ƙara masa rauni. Kada ka bar wa matuƙin kai-da-kai tafiyar, domin yana sauke jirgi nesa da ƙofa ya bar shi yana rarrafe a fili, alhali idan da hannunka kake tuƙi a bakin ƙofar za ka sauka. Kaya masu tsada kuwa ka ba masu sana'ar dako ta hanyar kwangila mai jingina, idan suka rasa kayan jinginar ta zama taka. A Jita za ka ga masu cewa ka turo musu ISK su ninka maka, kuma duk wanda ya ga yadda MMM ta ƙare a ƙasar nan a ƙarshen 2016 ya san amsar da zai ba su.

Ka kuma nemi ƙungiya, domin mai haƙa shi kaɗai shi ne ya fi sauƙin kamu. EVE University ta daɗe tana koyar da sababbi kyauta tun shekarar 2004. Kafin ka sake loda jirgi, ka buɗe takardar kisan da wasan ya aiko maka, za ka ga sunayen waɗanda suka harbe ka da irin jiragensu da ƙofar da abin ya faru. Ka sa musu jar alama a jerin sunayenka yadda za ka gan su da zarar kun haɗu a tauraruwa ɗaya, kuma idan kana da ƙarfin hali ka rubuta wa ɗaya daga cikinsu cikin ladabi ka tambaye shi abin da ya gani a jirginka har ya zaɓe ka. Da yawa daga cikinsu suna amsawa, wasu ma har su nuna maka yadda za ka shirya jirgin na gaba.